An ce in rubuta tarihin Baba, amma fitarsa da dawowarsa kawai na sani

Assalamu alaikum, Malama.

Mahaifina ya rasu wata takwas da suka wuce yana da shekara 86. Kafinta ne, ya fara riƙe zarto tun yana ɗan shekara 14, kuma bai ajiye shi ba sai da idonsa ya yi rauni, shekara biyar kafin rasuwarsa. Da wannan sana'a ya ciyar da mu 'ya'yansa bakwai, ya sa mu a makaranta, ya kuma riƙe marayu biyu na ƙanensa har suka zama mutane. Ni ce ta uku a gidan.

'Yan'uwana sun ɗora mini nauyin rubuta tarihinsa domin jikoki, saboda ni malamar makaranta ce. Na karɓa da murna, amma duk sa'ad da na zauna zan rubuta sai in tarar ban san komai game da shi ba in ban da fitarsa da dawowarsa. Yana fita kafin mu tashi, ya dawo muna gyangyaɗi. Ban taɓa yin hirar rabin awa da shi ba. Ranar da aka ba ni kyautar ta ɗaya a makaranta bai zo ba, domin akwai ƙofar da ya yi alkawarin kai wa wani. Mutum ne mai faɗa, ba ya yabo. Har yau abin yana mini ciwo, sai kuma in ji kunyar kaina, tunda duk abin da na zama da guminsa na zama.

Da na ce wa babban Yayanmu ina so in rubuta har da faɗansa da rashin zamansa a gida, sai ya ce wannan tonon asiri ne, alherinsa kawai za a rubuta. Autarmu kuwa cewa ta yi mutumin da nake kwatantawa ba Babanta ba ne, nata mai wasa da dariya ne. Umma, wadda suka yi shekara 58 tare, da an ambace shi sai kuka. Ga kuma kayan aikinsa, Yaya yana so a sayar, ni kuwa ko taɓa su ba na so a yi.

Malama, in rubuta gaskiya in ɓata wa 'yan'uwana rai, ko in rubuta yabon da zuciyata ba ta gamsu da shi ba, ko kuwa in ce na fasa?

Daga wata mai karatu.

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya gafarta masa, ya ba ku haƙurin rashinsa, musamman Umma.

Kin ce ba ki san komai game da shi ba, amma ina so ki koma ki sake karanta farkon wasiƙarki. Mutumin da ya ɗauki zarto yana ɗan shekara 14 ya ajiye yana da 81 ya yi shekara 67 yana aiki da hannunsa, kuma a cikin waɗannan shekaru yara tara suka tashi a ƙarƙashinsa, biyu daga cikinsu ba shi ya haife su ba. Kin san cewa idonsa ne ya gaji kafin niyyarsa ta gaji. Kin san cewa ba ya saɓa alkawari, ko da cika shi zai sa 'yarsa ta yi ta waige a taron makaranta ba ta gan shi ba. A cikin 'yan layuka kin zana mini mutum har ina jin kamar na san shi, kuma kin yi hakan ba tare da kin ce "mutumin kirki ne" ko sau ɗaya ba. Saboda haka ban yarda cewa hannunki wayam yake ba. Abin da ya tsayar da alƙalaminki wani abu ne daban, kuma da shi zan fara.

Ciwon da kike ji a kan ranar kyauta ciwo ne na gaskiya, kuma ba butulci ba ne. Yarinya ba ta lissafin kuɗin makaranta, fuskokin da suka zo take ƙirgawa, kuma wadda ta fi son gani ba ta gani ba. Wannan yarinyar ba ta yi laifi ba, kuma matar da ta girma ta zama malama ba ta yi laifi ba don ta tuna. Ba zan ce miki ki share abin daga ranki ba, domin wanda aka tilasta wa mantuwa ƙara riƙo yake yi. Amma zan roƙe ki ki leƙa ranar ta wajensa. Mai sana'ar hannu ba shi da albashin ƙarshen wata, ba shi da hutun da ake biya, ranar da bai yi aiki ba rana ce da babu abin da ya shigo gida, kuma babban jarinsa shi ne mutane su san cewa in ya ce yau, to yau ɗin ne. Halin da ya hana shi zuwa taronki shi ne halin da ya sa aka ci gaba da kawo masa aiki, har ya iya riƙe ki a makarantar da kika zo ta ɗaya. Ban kawo wannan don ya goge wancan ba. A ganina da ya zo, ko da na minti goma ne, da ya fi, kuma mai yiwuwa shi ma ya san haka daga baya. Abin da nake nufi shi ne godiyarki da ciwonki daga tushe ɗaya suka fito, kuma ba dole ba ne ki kashe ɗaya kafin ɗayan ya zauna. Ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba, iyayenmu ma ba su fita daga wannan lissafin ba.

Kada kuma ki ɗauki kasa rubutun a matsayin gazawa. Wata takwas ba wani dogon lokaci ba ne a kan rashin uba. A shekarar 1999 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a ƙasar Holan, Margaret Stroebe da Henk Schut, sun bayyana cewa mai jimamin rashi kai-kawo yake yi tsakanin hali biyu: wani lokaci ya fuskanci rashin ya yi kuka, wani lokaci ya kau da kai ya kama harkokin rayuwa, kuma wannan kai-kawon yana cikin hanyar samun sauƙi. Idan kin buɗe littafi yau kin rufe ba ki rubuta komai ba, zuciyarki ce ta nemi hutu. Babu wanda ya yanka miki wa'adi, in ma an yanka, kina da damar cewa a ƙara.

Yanzu ga Yaya. Kafin ki yanke cewa ƙin gaskiya yake yi, ki tuna cewa shi ne babba, shi ya ga shekarun da gidan ya fi shan wuya, kuma akwai yiwuwar faɗan Baba ya fi sauka a kansa fiye da kowa a cikinku. Yau shi ne a mazaunin uba, yana jin cewa kare mutuncin mamacin a wuyansa yake. Tsoronsa kuma yana da tushe: magana ta baki tana wucewa, rubutu kuwa yana zama, zai kai hannun surukai da jikoki da tattaɓa kunne waɗanda ba su san Baba ba, kuma shi Baba ba ya nan balle ya kare kansa. Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana zagin matattu, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Idan wannan ne a ran Yaya, to yana da gaskiya, kuma ya kamata ki gaya masa haka a fili.

Inda na saɓa da shi shi ne ɗaukar da ya yi cewa duk abin da ba yabo ba tonon asiri ne. Akwai tazara mai faɗi tsakanin aibata mutum da siffanta shi. Idan kika rubuta cewa "Baba mafaɗaci ne wanda bai damu da 'ya'yansa ba", kin yanke masa hukunci, kuma hukuncin ma ba daidai ba ne. Idan kuwa kika rubuta cewa "Baba ba ya ɗaga alkawari saboda komai, har ranar da aka ba ni kyauta a makaranta yana can yana kafa wa wani ƙofa, na yi kuka a ranar, sai da na girma na gane abin da ƙofar take nufi a gidanmu", to kin faɗi gaskiya duka, babu wanda kika zubar wa mutunci, kuma jikan da ya karanta zai san kakansa. Yabo zalla yana da wata illa da masu yin sa ba su cika lura da ita ba: kowane mamaci iri ɗaya yake zama a cikinsa. Mai haƙuri ne, mai son zumunci ne, mai taimako ne. In kika cire sunan Baba kika sa na wani, babu abin da zai canza. Mutumin da ya yi shekara 67 yana auna katako kafin ya yanka ya cancanci a rubuta shi da awon kansa.

Duk da haka, ba duk abin da ke ranki ne na jikoki ba. Shawarata ita ce ki yi rubutu biyu. Ki sami littafi na ke kaɗai, ki zuba duk abin da kike so ki gaya wa Baba ba ki samu dama ba, da fushin, da tambayoyin, ba tare da tace komai ba, kuma kada ki nuna wa kowa sai in ke kika ga dama. Na biyu shi ne na iyali, kuma ma'auninsa mai sauƙi ne: duk jimlar da ba za ki iya karantawa a gaban Umma da babbar murya ba, ta koma littafin farko. Ina zaton da zarar fushin ya sami inda zai zauna, zai daina tare miki hanya a ɗayan.

Maganar autarku kuwa ba ta ƙaryata taki ba. A gidan da aka haifi 'ya'ya bakwai, tsakanin na farko da na ƙarshe akwai shekaru da yawa, kuma mutum yana canzawa a cikinsu. Ku manya kun tashi a hannun magidanci mai ƙarfi a jika wanda nauyi ya danne, ita kuwa ta tashi a hannun dattijon da manyan 'ya'yansa suka fara rage masa kaya, har ya sami sararin dariya. Dukanku Baba kuka gani. Kada ki yi ƙoƙarin narkar da waɗannan shaidu su zama ɗaya. Ki ba kowane ɗa shafinsa da sunansa, ya faɗi Baban da ya sani da bakinsa, ke kuma ki rubuta naki a matsayin ɗaya daga cikin bakwai. Ta haka babu wanda zai ce an sa masa magana a baki, kuma nauyin faɗin "gaskiyar Baba" gaba ɗaya ya sauka daga kanki.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake ganin shi ne babban kuskuren da ya sa kika tsaya: kin ɗauka cewa daga kanki tarihin zai fito. Aikinki tattarawa ne. Sa'o'in da kike cewa ba ki gan shi ba, ai wasu sun gan shi a cikinsu. Yaran da ya koya wa sana'a sun yini da shi shekara da shekaru, sun san yadda yake zaɓen katako, da abin da ke sa shi fushi, da abin da yake faɗa in aiki ya yi kyau, kuma sau da yawa uban da ba ya magana a gida bakinsa a buɗe yake a wurin aiki. Akwai mutanen da ya yi wa aiki, akwai abokansa na ƙuruciya, akwai gwaggonninki da baffanninki da suka san shi tun bai fara gemu ba, akwai kuma marayun nan biyu, waɗanda nake jin suna da labarin da babu ɗaya daga cikinku da ya taɓa tambayarsu. Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa yana daga mafificin biyayya mutum ya sada zumunci da masoyan mahaifinsa bayan ya rasu, don haka ziyarar da kanta alheri ce ko ba ki samo layi ɗaya ba. Sai dai a nan kam akwai gaggawa. Sa'annin Baba duk sun haura 80. Marubucin nan na ƙasar Mali, Amadou Hampâté Bâ, ya kwatanta mutuwar dattijo da ƙonewar ɗakin karatu a jawabinsa gaban UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a 1960. Rubutun zai iya jiran ki shekara biyu, dattawan ba su da tabbacin haka. Ki fara da wanda ya fi tsufa ko ya fi rauni.

Yadda za ki yi tambaya yana da muhimmanci fiye da yadda mutane suke zato, domin tunanin ɗan Adam yana bin bakin mai tambaya. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer a Amurka sun nuna wa mutane hoton bidiyo na hatsarin mota, sannan suka tambaye su gudun da motocin suke yi. Waɗanda aka yi wa tambayar da kalma mai nuna mummunan karo sun ƙiyasta gudu mafi yawa, kuma bayan mako ɗaya sun fi sauran yawan cewa sun ga fasasshen gilashi, alhali babu shi a bidiyon. Idan kika ce wa tsohon yaron Baba "ai yana da faɗa, ko?" zai ba ki faɗa. Idan Yaya ya ce masa "ai mutumin kirki ne, ko?" zai ba shi kirki. Ki tambayi abu takamaimai wanda ba ya nuna amsar da kike so: ranar da ka fara zuwa wurinsa, me ya fara sa ka yi? Wane aiki ne ya fi ba shi wuya? Ya taɓa ɓata aiki, kuma yaya ya yi da mai shi? Yana ambaton 'ya'yansa a wurin aiki? Ki nemi izini ki naɗi muryar da wayarki, ki fara da faɗin kwanan wata da sunan mai magana, kada zama ɗaya ya wuce awa guda domin tsoho yana gajiya, kuma in ya yi shiru kada ki yi saurin cike shirun. Za ki tarar mutum biyu sun saɓa a kan shekarar da abu ya faru. Kada ki yi musu da kowa, ki tambaya ko kafin haihuwar wane ne ko bayanta, in bai warware ba ki rubuta duka biyun da sunan wanda ya faɗa.

Umma ita ce mafi sani, ita ce kuma mafi rauni a yanzu, don haka a bi ta a hankali. Kukanta ba lalle ne yana nufin ba ta son a yi maganarsa ba. Sau da yawa iyali suna daina ambaton mamaci don kada su sa matarsa kuka, ita kuwa sai ta ga kamar an manta da shi, ta ƙara shiga kaɗaici. Ki tambaye ta kai tsaye, a ranar da kuke ku biyu: "Umma, kina so mu riƙa hirar Baba, ko in bari sai kin neme ni?" Duk abin da ta zaɓa ki girmama shi. In ta yarda, kada ki fara da jinyarsa ko kwanakinsa na ƙarshe, ki fara da ita kanta tana budurwa. Masu bincike a kan tunani sun daɗe da lura cewa manya sun fi riƙe abubuwan da suka faru da su tsakanin shekara 10 zuwa 30 fiye da na tsakiyar rayuwa, kuma farkon aurensu a nan ya faɗo, lokacin da babu ɗaya daga cikinku da zai iya ba da labarinsa. Ki sa mata wani abu a hannu, tsohon hoto ko kujerar da ya yi mata, domin abu yakan buɗe bakin da tambaya ta kasa buɗewa. Ki kuma bar mata fili mai yawa a littafin. Mutumin da yake fita kafin yara su tashi ya iya yin haka ne domin akwai wadda take tashi da yara tara, kuma tarihin aikinsa bai cika ba in babu nata.

Akwai abu ɗaya da nake so ku sa wa ido a kanta. Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundinta na cututtuka da ya fara aiki a watan Janairun 2022, ta sa jimamin da ya tsawaita cikin abubuwan da ke buƙatar kulawar likita: wanda ya wuce aƙalla wata shida yana nan da tsananinsa, ya mamaye tunanin mutum har ya hana shi harkokinsa na yau da kullum. Kuka in an ambaci mijin shekara 58 ba ciwo ba ne. Amma in kun ga ta daina cin abinci, barci ya ƙaurace mata, tana guje wa mutane, ko tana yawan cewa rayuwa ba ta da amfani, to ku kai ta ga likita, kada ku tsaya a kan ba ta haƙuri kawai.

Game da kayan aiki, dole in gaya miki abin da ba za ki so ji ba: ba naki ba ne ke kaɗai. Sun shiga cikin gado, haƙƙin dukan magada ne, kuma Yaya bai yi laifi ba don ya kawo maganar sayarwa. Ƙarfen da ba a aiki da shi tsatsa take cinye shi, ƙota kuma gara ta shige ta, nan da 'yan shekaru sai ku rasa kayan ku rasa kuɗinsu. Amma tsakanin sayar da komai da kulle komai akwai hanya. Ki roƙi a ba ki wata biyu ki ɗauki hoton kowane abu, ki sa ɗaya daga cikin tsofaffin yaransa ya gaya miki sunansa da amfaninsa da yadda Baba ya same shi. Bayan haka a sa wanda ya san kayan ya yi musu kuɗi, duk mai son ya riƙe wani abu, guduma ce ko zarto ko tef ɗin awo, ya ɗauka a cire daga rabonsa. Abin da ya rage a sayar, ko kuma, in dukan magada sun yarda da zuciya ɗaya, a ba wani jika ko wani yaronsa da ke sana'ar. In akwai ƙaramin yaro a cikin magada ko wani saɓani ya taso, ku nemi masanin rabon gado kafin a taɓa komai. Sannan ki tuna cewa abin da Baba ya bari ya fi abin da ke cikin akwatin nan yawa. Akwai ƙofofi da gadaje da tebura da ya yi waɗanda har yau ake amfani da su a gidajen mutane. Ki bi sawunsu ki ɗauki hotonsu. In Allah ya sa ƙofar nan ta ranar kyauta tana nan, ina ganin ya kamata ki je ki gan ta.

Takardu da hotuna kuma a adana su a wuri busasshe, nesa da rana da danshi. Kada a manne tsofaffin takardu cikin leda da na'urar zafi, domin in an yi ba a iya cirewa, kuma zafin yana ɓata wasu. A yi musu sikanin, kuma in za a tura ta WhatsApp a tura su a matsayin fayil, domin in an tura a matsayin hoto yana rage ingancinsu. Muryoyin da kika naɗa kada su kwana a waya ɗaya kawai: ki ajiye kwafi a kwamfuta ko filashi, wani a ma'ajiyar intanet, wani kuma a hannun ɗaya daga cikin 'yan'uwanki.

Saura yadda za ki koma wa Yaya. Kada ki yi maganar a gaban sauran, domin babba ba ya son a ga ƙanwa ta juya shi. Ki same shi shi kaɗai ki ce: "Yaya, na yi tunani a kan maganarka, kuma na yarda ba za a rubuta abin da zai zubar da mutuncin Baba ba. Kai ka fi mu saninsa, ina so ka zama na farko a cikinmu da zan ji daga bakinsa, kuma babu wanda zai ga rubutun kafin kai da Umma." Wanda aka fara tambaya ba ya cika zama abokin hamayya, kuma kada ki yi mamaki in shi da kansa ya ba ki labarin faɗan Baba yana dariya idonsa cike da ƙwalla. In ya karanta ya ce a cire wani wuri, ki tambaye shi wace kalma ce ta dame shi, domin sau da yawa kalma ɗaya ce, ba labarin ba. In ya dage a kan abin da ya shafe ki ke kaɗai, kina da zaɓi: ki mayar da shi littafinki na sirri, ko ki ajiye shi don 'ya'yanki in sun girma. Ba na ganin sakin layi ɗaya ya kai a ɓata zumunci saboda shi, musamman a shekarar da Umma take buƙatar ganinku a haɗe.

In kuma bayan duk wannan kin ji ba za ki iya rubutun ba, fasawa ba laifi ba ce, amma ki fasa rabi kawai. Ki tattara muryoyin da hotunan, ki rubuta sunan kowa da kwanan wata, ki ajiye. Wani daga cikin jikokin zai iya rubutawa nan gaba da zuciyar da ba ta da rauni irin naki, amma ba zai iya tayar da abokan Baba ya tambaye su ba.

Akwai tambaya ɗaya da na san tana ranki ko da ba ki rubuta ta ba, wato ko Baba ya yi alfahari da ke. Ba zan yi miki alkawarin cewa wani zai ce ya ga Baba yana nuna wa mutane takardar kyautarki ba, domin kina iya zagaye kowa ki dawo ba ki ji haka ba, kuma gara ki shirya wa hakan tun yanzu. Amma ki tambayi Umma abin da ya ce da daren ranar bayan kun yi barci, ki kuma tambayi yaransa ko sun san sunanki tun kafin su gan ki. A cikin makon nan ki kira wanda ya fi tsufa a cikin abokansa ki sa ranar ziyara, ki tafi da wayarki cike da caji. In kin dawo ki rubuto mini abin da kika ji. Allah ya haskaka kabarin Baba, ya ƙara wa Umma lafiya.